Kuros Ko Ɗakin Ɗaga Ƙarfe: Inda Mai Keken Kwalta Zai Kai Watannin Kaka

Da Satumba ta ja baya a ƙasashen Turai da Arewacin Amurka, tseren keken kwalta sai ya fara naɗe tabarmarsa. Yini na gajarcewa, titi na kwana a jiƙe, ganyen da ya zube yana sa taya santsi a kwana. Mahayin da keke ba sana'arsa ba ce, wanda yake zuwa aiki duk mako ya yi tsere ranar hutu, yakan ga wata huɗu ko biyar a gabansa babu gasa. Abin da ya yi da waɗannan watanni shi zai fito a ƙafarsa a Afrilu. Hanya biyu aka fi aunawa. Ko dai ya shiga tseren saikulokuros, wato tseren keke na zagaye a fili mai ciyawa da taɓo, wanda masu yinsa suke kira kuros a taƙaice, ko kuma ya jingine gasa gaba ɗaya ya raba lokacinsa tsakanin ɗaga ƙarfe, gudu da ƙafa da hawan keke a hankali. Mutane kan jera su wuri ɗaya su ce duk horon kaka ne. Ni ban yarda da wannan ba. Kuros zangon gasa ne na biyu, da duk wahalar da ke cikin gasa, ɗayar hanyar kuwa lokacin gyaran jiki ce. Wanda ya shiga kuros da sunan hutu zai ji a jikinsa idan sanyi ya wuce.

Bari mu fara da kuros ɗin, tunda shi ne baƙo ga mai kwalta. Fili ne ake zagayawa, zagaye ɗaya tsakanin kilomita 2.5 zuwa 3.5 bisa ƙa'idar hukumar tseren keke ta duniya, UCI. A cikinsa akwai ciyawa, taɓo, yashi, ɗan guntun kwalta, tudu mai tsayin da dole ka sauka ka saɓa keke a kafaɗa, wani lokaci matakala, sai kuma katako biyu a gicciye waɗanda tsayinsu ba ya wuce santimita 40. Ba a ƙayyade tseren da nisa, da lokaci ake yi: alƙalai su duba saurin zagaye na farko da na biyu su lissafa yawan zagayen da ya rage. Manyan maza suna yin kusan awa ɗaya, manyan mata ƙasa da haka kaɗan, 'yan sha'awa kuma minti 30 zuwa 50 gwargwadon shekaru da rukuni. Ana farawa a Satumba a ƙare a Fabrairu.

Abin da ya fi jan hankali a tarihinsa shi ne mahaya kwalta ne suka rungume shi tun farko don kada lokacin sanyi ya kashe musu ƙafa. Faransa ta yi gasar ƙasa ta farko a 1902, Beljiyam ta biyo a 1910. Da aka shirya gasar duniya ta farko a Faris a 1950, Jean Robic ne ya ci, mutumin da ya lashe Tour de France, babban tseren keken kwalta na Faransa, a 1947. Yau ma hujjar da kowa ke kawowa ke nan: Mathieu van der Poel, wanda a 2025 ya kamo Erik De Vlaeminck da kambun duniya bakwai a kuros, shi ne kuma ya ci Paris-Roubaix, babban tseren titi na yini ɗaya, a 2023 da 2024 da 2025. Wout van Aert ya ci kambun duniya na kuros sau uku a jere daga 2016 zuwa 2018 kafin ya ɗauki koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki, a Tour de France ta 2022. Marianne Vos tana da takwas a kuros, kuma ta ci manyan gasanni da yawa a kwalta. Amma a yi hattara da wannan hujja. Waɗannan mutane a cikin taɓo suka tashi tun suna yara, mahaifin van der Poel ma, Adrie, ya ci kambun duniya na kuros a 1996. Sannan ka lura da yadda Mathieu van der Poel da Wout van Aert suke yi a 'yan shekarun nan: sukan huta bayan kwalta, su shigo kuros sai wajen Disamba, su yi 'yan tsere ƙidayayyu su koma sansanin horo. Su da suka fi kowa iya shi ba sa cinye zangon duka. Wannan shi ne darasin da ya kamata ɗan sha'awa ya ɗauka daga gare su, fiye da yawan kofunansu.

To me kuros yake ba mai kwalta? Na farko shi ne zafin aiki wanda da wuya mutum ya ɗora wa kansa shi kaɗai. Da an busa usur kowa zai taka iya ƙarfinsa, domin wanda ya riga shiga kwanar farko ya tsira daga cunkoso. Daga nan bugun zuciya ya hau kusa da ƙololuwa, kuma ba ya saukowa sai an gama. Idan kana da na'urar auna ƙarfin feda, za ka yi mamakin ganin matsakaicin ƙarfin da ka fitar bai kai na tseren kwalta mai irin wannan tsawo ba. Dalili shi ne a wani babban kaso na lokacin ba ka takawa, kana birki ne, ko kana gudu da ƙafa, ko kana lallaɓa kwana. Sauran lokacin kuma fizga ce ta daƙiƙa biyar zuwa ashirin, sau da yawa a kowane zagaye, ba tare da ka farfaɗo daga ta baya ba. Wannan shi ne ainihin abin da ke yar da 'yan sha'awa a tseren cikin gari mai yawan kwana, inda ayari ke miƙewa bayan kowace kwana ya bar mai nauyin tashi a baya. Wanda ya yi kuros shida ko bakwai yakan dawo kwalta wannan fizgar ba ta tsorata shi.

Na biyu, kuma a ganina shi ne mafi daraja, shi ne iya sarrafa keke. A kan kwalta mutum zai iya shekara goma tayarsa ba ta taɓa zamewa ba, ranar da ta zame kuwa sai ƙasa, yana gudun kilomita 40 a awa. A kuros taya tana zamewa a kowane zagaye, a gudun da bai kai rabin wancan ba, a kan ciyawa ko laka. Jiki yana koyon abin da baki ba ya iya koyarwa: ka gama birki kafin ka shiga kwana, ka sassauta hannu, ka danna nauyinka a fedar waje, ka kalli inda kake son zuwa ba inda kake tsoro ba. A yashi kana koyon barin keke ya bi rami da na gaba suka tona, nauyinka a baya, ƙafa ba ta daina juyawa. A gefen tudu inda ƙasa ta karkata kana koyon jingina keke ba tare da ka jingina kanka ba. Duba lissafi mai sauƙi: idan zagaye yana da kwana ashirin, kana asarar daƙiƙa ɗaya a kowace, a zagaye shida ka zubar da minti biyu ba don ƙafarka ta gaza ba. Shi ya sa za ka ga dattijo mai shekara hamsin da wani abu ya wuce saurayin da ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin yana da ciwo a karon farko, amma babu makarantar da ta kai wannan. Ranar da ruwan sama ya same ka a gangaren dutse a watan Mayu, ko tsakuwa ta tare ka a kwana, hannunka zai tuna.

Akwai kuma abubuwan da ba a aunawa da na'ura. Babu mota a fili. Babu ayarin da zai tafi ya bar ka kai kaɗai a hanya, wanda shi ne abin da ke karya zuciyar sabon shiga a kwalta. A kuros ko kai ne na arba'in akwai na talatin da tara a gabanka da na arba'in da ɗaya a bayanka, kuma tsakaninku tsere ne na gaske. Sanyi ba ya damun mai yin minti arba'in cikin wannan zafin aiki kamar yadda yake damun mai awa huɗu a kan titi. Kuma gasa ranar Lahadi takan sa mutum ya tashi ya yi atisaye ranar Laraba da duhu, abin da alkawarin "zan shirya wa Afrilu" ba ya iya sa shi.

Yanzu ga abin da yake karɓa. Gajiya ce a gaba. Tsere ɗaya yakan ci kwana biyu kafin jiki ya dawo, kuma kwana ɗaya kafin tseren ma ba a wahalar da ƙafa. Idan kana tsere kowane ƙarshen mako, abin da ya rage maka na horo bai wuce kwana uku a tsakiya ba, kuma ranar hutun da ka saba yin doguwar tafiya ta awa uku ko huɗu ta tafi. Mahayin da burinsa tseren kilomita 150 ne ko hawan duwatsu masu tsawo yana bukatar waɗannan dogayen awanni a hankali, su ne suke gina juriyar tsoka da iya ƙona kitse. Minti arba'in na wuta ba ya maye gurbinsu. Wanda ya yi kuros daga Satumba har ƙarshen Janairu yakan zo Maris da kaifi amma babu zurfi: awa ta farko yana gaba, awa ta uku ya ƙone.

Sai gajiyar kai, wadda mutane suka fi rainawa. Lambar tsere a baya, tashin asuba, fargabar layin farawa, duk suna cin wani abu a cikin mutum. Wanda ya fara gasa a Maris ya kai Satumba, ya zarce kuros har Janairu, ya koma kwalta a Maris, ya yi shekara babu ranar da ya ajiye takara. Taura biyu ba ta taunuwa. Alamar ba ta fitowa a Nuwamba, sai wajen Yuni, lokacin da ka ga keken ka ji ba ka son hawa.

Kaya ma magana ce. Keken kwalta ba ya shiga, domin tsakanin taya da firam babu wurin da taɓo zai wuce. A gasannin UCI faɗin taya ba ya wuce milimita 33, amma yawancin ƙananan gasanni na 'yan sha'awa suna barin mutum ya zo da keken tsakuwa ko keken dutse, sai dai ka karanta ƙa'idar masu shiryawa kafin ka je. Shawarata ita ce kada ka sayi keke don tsere na farko. Ka je da wanda kake da shi ko ka ara. Abin da ba ya jiran gobe shi ne feda da takalmi: na kwalta ba a gudu da su, kuma laka tana toshe su, dole sai irin na keken dutse mai maƙalewa ta fuska biyu. Bayan haka sai taya, kuma a nan mai kwalta ya fi yin ɓarna. Ya saba da iska mai tauri, sai ya cika taya ya shiga fili yana ta tsalle a kan kowane saiwa. Masu kuros suna hawa da iskar da ba ta kai rabin ta kwalta ba, galibi tsakanin 1.3 zuwa 2 a ma'aunin iska na "bar" da ke jikin famfo, gwargwadon nauyin mahayi da yanayin ƙasa, don tayar ta baje ta kama. Da tif a ciki wannan yana jawo faci idan rim ya daki dutse, shi ya sa 'yan sha'awa da yawa suka koma taya marar tif, ƙwararru kuma suna manna tasu a rim da gam. Ƙwararrun nan da kake gani a yashin Koksijde ko a gangaren Namur, filayen kuros na Beljiyam, suna da keke biyu ko uku da mutane a gefe suna wanke ɗaya yayin da suke kan ɗaya. Kai da kekenka ɗaya za ka gama, ka dawo ka shafe awa guda kana wanki. Taɓo da yashi suna cin sarƙa, takalmin birki da boris da saurin da kwalta ba ta yi. A sa wannan a lissafi tun farko.

Rauni a kuros yawanci ƙarami ne, ƙujewa da targaɗe, amma yana da wuraren da yake so. Sauka daga keke a guje da sake ɗarewa suna dukan sha-raɓa, agara da matsematsi, ga kuma baya da ke shan jijjiga. Kusan kowa ta hagu yake sauka, don ya kauce wa ɓangaren sarƙa, ya saɓa keke a kafaɗar dama, saboda haka gefe ɗaya na jiki ne ke ɗaukar duka. Mahayin da bai yi gudu da ƙafa ba tun shekaru ya shiga tsere kai tsaye, shi ne wanda sha-raɓarsa ke tsinkewa a tudu na farko. Mako uku ko huɗu na gajeren gudu da atisayen sauka da hawa a filin ciyawa, a hankali tukuna, su ne kariyarsa.

Mu juya ga hanya ta biyu. Ba ta da tambura da 'yan kallo, amma tana gyara abin da keke ya ɓata, kuma keke yana ɓata abubuwa. Hawan keke ba ya ɗora nauyi a kan ƙashi. Bincike da dama sun nuna mahayan da keke kaɗai suke yi, har da ƙwararru masu ƙarancin shekaru, suna da ƙarancin kaurin ƙashi a gadon baya da ƙugu idan aka gwada su da masu gudu. Ƙashi yana ƙarfafa ne idan ana dukansa ko ana danna masa nauyi. Ga wanda ya haura shekara arba'in, da mata musamman, wannan ba maganar sauri ba ce kawai, maganar yadda jiki zai ɗauki faɗuwa ce nan da shekara ashirin. Ɗan gudun da ke cikin kuros yana taimakawa kaɗan, amma bai kai ko kusa da abin da ɗaga ƙarfe mai nauyi yake yi ba.

Ɗaga ƙarfen kuma yana ƙara sauri, kuma a nan hujja tana da ƙarfi. Bent Rønnestad da abokan aikinsa a Lillehammer ta ƙasar Norwe sun shafe shekaru suna gwada wannan a kan mahaya masu horo. Tsarin da suka yi ta amfani da shi mai sauƙi ne: nauyi mai yawa da mutum zai iya ɗagawa sau 4 zuwa 10 kawai, sau biyu a mako, na kimanin mako 12, tare da hawan keke kamar kullum. Sun ga ƙarfin da mahayi ke iya fitarwa a ƙarshen doguwar tafiya ya ƙaru, wato daidai lokacin da ake raba tsere. Sun kuma ga cewa zama ɗaya a mako ya isa ya riƙe ribar idan gasa ta fara. Motsin da za ka yi ba su da yawa: tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, ɗaga ƙarfe daga ƙasa, tura nauyi da ƙafa ɗaya a na'ura, hawa akwati da nauyi a hannu, sai aikin ciki da baya. Masu tsoron ƙiba su kwantar da hankali, ribar makonnin farko daga jijiyoyi take zuwa, suna koyon kiran tsoka da yawa a lokaci ɗaya, kuma wanda yake ci gaba da hawan keke ba ya tara nama mai yawa. Matsalar ita ce makonni biyu ko uku na farko ƙafa takan yi nauyi da tsami, keke ya zama kamar ba naka ba. Wannan ne ya sa kaka ce lokacinsa, kuma wannan ne ya sa ba ya jituwa da tsere kowace Lahadi. Ba za ka yi tsuguno mai nauyi ranar Alhamis ka tashi da kaifi ranar Lahadi ba.

Gudu da ƙafa yana da riba ga wanda lokaci ya yi wa kaɗan: minti talatin da takalmi kawai, ko da duhu, ko ana ruwa. Haɗarinsa ga mai keke na musamman ne. Zuciyarka da huhunka sun isa su kai ka kilomita goma tun ranar farko, amma agara, ƙwauri da gwiwa ba su san dukan ƙasa ba, kuma sun fi zuciya jinkirin sabawa. A keke tsoka tana turawa ne kawai, a gudu kuwa tana tare nauyin jiki a kowane taku, shi ya sa cinya ke ciwo kwana biyu bayan gudun farko. A fara da minti 15 zuwa 20, ana haɗawa da tafiya, a ƙasa mai laushi, sau biyu a mako, a ƙara kaɗan-kaɗan. Iyo da tuƙin kwale-kwale na na'ura suna buɗe ƙirji da kafaɗar da sunkuyo ya ɗaure, amma ba sa yi wa ƙashi abin kirki, kuma ƙafar keke ba ta ƙaruwa da su sosai. Inda dusar ƙanƙara take, zamiya a kan dusar a fili da katako a ƙafa da sanduna a hannu ta fi su duka kusa da bukatar mai keke.

Tsoron da ke hana mutane bin wannan hanya shi ne kada ƙarfin da suka tara ya zube. Gaskiya ne idan aka daina motsi kwata-kwata, cikin mako biyu zuwa uku yawan iskar da jiki ke iya amfani da ita yana fara raguwa, da farko saboda ruwan jini ya ragu. Amma binciken Robert Hickson a shekarun 1980 ya nuna wani abu mai kwantar da hankali: waɗanda suka rage kwanakin horo daga shida zuwa biyu a mako, suka bar zafin yadda yake, sun riƙe ƙarfinsu har mako 15. Waɗanda suka rage zafin ne suka yi asara. Ma'ana zama ɗaya ko biyu mai zafi a mako, ko a kan na'urar cikin ɗaki da manhajar tseren keke ta Zwift da fanka a gabanka, ya isa ya tsare abin da ka tara yayin da kake gina wani abu. Amma na'urar ɗaki ba ta koya wa kowa kwana. Mahayin da ya shafe hunturu a kanta yakan fito da ƙafa mai ƙarfi da hannu mai tsoro, kuma irinsa ne ke jawo faɗuwa a ayari a tseren farko na shekara.

To wa zai ɗauki wanne? Tambayar farko da zan yi maka ita ce yadda ka gama Satumba. Idan ka yi gasa da yawa, barcinka ya lalace, akwai gwiwa ko baya da ke maka magana tun Yuli, kada ka ko kalli kuros a bana. Ka huta mako biyu ko uku, ka shiga ɗakin ƙarfe, ka warkar da abin da ke ciwo. Haka ma idan babban burinka yana farkon shekara, Maris ko Afrilu, kuma dogo ne, domin kana bukatar Nuwamba da Disamba don dogayen tafiye-tafiye. Haka wanda ya haura hamsin bai taɓa ɗaga ƙarfe ba: ribar da zai samu a can ta fi duk abin da taɓo zai ba shi.

Idan kuwa ka gama zangon kwalta da sauran marmari, tserenka bai wuce 'yan ƙalilan ba, ko kuma ka san a ranka cewa a kwana da gangare ake barin ka ba a tudu ba, to kuros naka ne. Haka wanda bai taɓa gasa ba yana jin tsoron ayari: babu ƙofar shiga da ta fi wannan sauƙi da aminci. Haka mai awa biyar ko shida kacal a mako, wanda dama ba shi da dogayen awannin da kuros zai cinye masa. Kuma wanda babbar gasarsa sai Yuni ko Yuli yana da isasshen lokaci ya yi kuros, ya huta, ya gina tushe daga Janairu.

Ga mafi yawan 'yan sha'awa, abin da nake ganin ya fi shi ne gajeren zangon kuros, da sharaɗin a yanke tun farko wanne ne babba. Idan kwalta ce babba, ga yadda zan tsara shi. Bayan tseren kwalta na ƙarshe, kwana goma zuwa mako biyu babu tsari, babu na'urar aunawa. Sai mako uku na shiri: gajeren gudu, atisayen sauka da hawa da kwana a ciyawa sau ɗaya a mako, da fara ɗaga ƙarfe da nauyi kaɗan don jiki ya koyi motsin. Sai tsere biyar ko shida tsakanin tsakiyar Oktoba da farkon Disamba, ba kowane mako ba. Makon da babu tsere, ranar hutu ta doguwar tafiya ce. Ƙarfe a farkon mako, Litinin ko Talata, nesa da ranar gasa, kuma ba a neman ƙara nauyi sosai a wannan lokaci. Tseren da kansa shi ne zama mai zafi na makon, ba a ƙara masa wani sai ɗan motsa ƙafa. Kada ka rage horo don ka zo tsere da sabuwar ƙafa, ka yarda cewa za ka gama ƙasa da inda za ka iya. Wannan shi ne wuri mafi wuya, domin da mutum ya ga ya matso gaba a sakamako sai ya fara son ƙari, ya yi rajistar gasar Janairu, daga nan tsarin ya rushe.

Da tseren ƙarshe ya wuce a Disamba, a sake ɗaukar mako ɗaya cikakke na hutu, ko da jiki yana cewa bai gaji ba. Daga nan ne zangon ƙarfe mai nauyi na mako goma zuwa goma sha biyu zai fara, tare da dogayen tafiye-tafiye, ya kai ka tsakiyar Maris. Wanda gasarsa ta farko mai muhimmanci ta riga wannan lokaci, sai ya rage kuros zuwa tsere uku ya rufe shi a tsakiyar Nuwamba.